Ganuwa, Kafi da Gwalalo: Tarihin Ƙasar Gumel da Ke Cikewa da Rairayi

A watan Maris na 1851 wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya bar Kano ya nufi Kukawa, babban birnin Barno na wancan zamani. Da ya wuce Garki, sai ya ratsa dajin da ya raba Daular Sakkwato da ƙasar Barno. Gari na farko da ya tarar a hayin Barno ɗan ƙarami ne, ya rubuta sunansa da Birmenawa. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda aka killace garin: ga ganuwar ƙasa, ga rami mai zurfi a wajenta, ga wani ramin kuma daga ciki, sannan ƙofa ɗaya tak. Daga nan ya ƙarasa Gumel, inda ya iske kasuwa cike da fataken kanwa.

Mai karatu ya ɗan tsaya a kan wannan ƙaramin gari. Mutanen da ba su da yawa, waɗanda noman gero da dawa ya ishe su aiki, sun ɗauki fartanya da kwando sun haƙa rami biyu kewaye da gidajensu, suka kuma yarda kowa ya riƙa shiga da fita ta kafa guda. Ba a yin irin wannan wahala don ado. Tsoro ne ya sa su, kuma ramin shi ne shaidar tsoron.

Idan aka ce kayan tarihi a ƙasar Hausa, hankali kan tafi ga Badalar Kano, ko Hasumiyar Gobarau, ko ganuwar Zariya. Amma a ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar na Jihar Jigawa, tarihin talaka yana kwance ne a ƙasa, a cikin 'yan tuddai da kwaruruwan da suka kewaye tsofaffin garuruwa da kufai. Irin waɗannan wurare su ne suka fi saurin ɓacewa, kuma su ne doka ta fi mantawa da su.

Ƙasar da ke tsakanin manya

Masarautar Gumel ta Mangawa ce. Ana danganta kafuwarta da Ɗan Juma a wajen 1750, kuma ba da jimawa ba ta shiga ƙarƙashin inuwar Barno tana kai gaisuwa can. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, ya canza sarauta a Kano da Haɗejia da Katagum da Kazaure, amma bai haɗiye wannan masarauta ba. Sai ta zama bakin iyaka: Barno a gabas, masarautun Sakkwato a kudu da yamma, Damagaram a arewa. A zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma, a rabin farko na ƙarni na 19, aka taso da fada daga Tumbi, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar, aka dawo da ita Gumel ta yanzu.

Zaman bakin iyaka yana da riba, yana da kuma hasara. Ribar ita ce kasuwa: kanwar da ake haƙowa a Muniyo da gefen Tafkin Chadi takan canza hannu a Gumel kafin ta gangara Kano da Nufe. Hasarar ita ce duk rundunar da ta tashi sai ta bi ta kanka. A 1826 zuwa 1827 Shehu Laminu na Barno ya yi yamma da yaƙi yana nufin Kano, har sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi. Daga tsakiyar ƙarnin Sarkin Haɗejia Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye, ya yi ta kai hari ga maƙwabta har rasuwarsa a 1863, kuma gaba tsakanin Gumel da Haɗejia ba ta lafa ba sai bayan rasuwar Sarkin Gumel Abdullahi a 1872. A arewa kuwa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya kewaye Zindar da babbar ganuwa, ya tara bindigogi, har ya sa ana ƙera igwa a birninsa. Hare-haren neman bayi daga wannan fuska sun rage wa ƙasar Gumel jama'a ƙwarai a ƙarshen ƙarnin.

Akwai kuma masifar cikin gida. Lokacin da Barth ya sake biyowa ta Gumel a ƙarshen 1854, garin da ya bari cike da jama'a ya iske shi ya koma kamar kufai, saboda rikicin gadon sarauta da ya biyo bayan rasuwar Ɗan Tanoma. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan maganar ta tabbata a zahiri.

A irin wannan zamani, manomin da ke zaune a fili shi kaɗai abinci ne ga mahara. Dole ya shiga gari mai kariya, ko ya haɗu da 'yan'uwa su yi wa nasu ƙauyen kariya.

Yadda ake killace gari

Harshen Hausa ya adana wannan fasaha a cikin kalmominsa. Birni shi ne gari mai ganuwa. Ganuwa ko badala ita ce tudun ƙasa da aka gina kewaye da gari, garu kuma katanga ce mai kauri. Gwalalo shi ne ramin da ke bin gindin ganuwa. Kafi shingen itatuwa ne da aka kakkafa a ƙasa. Sarƙaƙiya ita ce ƙayar da ake bari ta yi duhu a bakin ramin har ta gagari mutum da doki. Sunayen garuruwa sun riƙe waɗannan kalmomi har yau: Birnin Kudu, Birniwa, Kafin Hausa da Garun Gabas duk a Jigawa suke, Kafin Madaki tana Bauchi, ita ma Keffi ta Nasarawa daga kafi sunanta ya fito.

Hikimar aikin a sauƙaƙe take. Ƙasar da aka haƙo daga rami ita ake tarawa ta zama ganuwa, saboda haka aiki ɗaya yana ba da kariya biyu, kuma kowane kamu da aka ƙara wa ramin zurfi ya ƙara wa ganuwar tsawo. A manyan birane akan ɗora gini na tubali a kan tudun, a yi yaɓe, a bar wuraren da maharba za su tsaya. Akan ƙuntata ƙofa yadda mahaya ba za su shigo jere ba. Akan kuma bar fili a cikin ganuwa domin rijiyoyi da dabbobi da 'yar gona, don kada ƙishirwa da yunwa su yi wa abokan gaba aikin da mashi ya kasa.

Ƙarfin yaƙi na wancan zamani doki ne, kuma ribar mahari tana cikin sauri: ya faɗo da asuba, ya kwashi mutane da dabbobi, ya juya kafin a kawo gudummawa. Doki ba ya tsallake rami mai faɗi da ƙaya a bakinsa. Idan mahayi ya sauka ya zama dakare, ya shiga hannun 'yan baka. Saboda haka ƙauye ba ya bukatar ganuwar da za ta jure wa kewayewar wata uku. Ya isa ta ɓata wa mahari rabin yini.

A arewacin Jigawa akwai wani abu da ya ƙara wa gwalalo da kafi muhimmanci. Ƙasar rairayi ce, sunan jihar ma daga nan ya fito. Rairayi ba ya tsayuwa ya zama dogon bango kamar jar ƙasar Kano da Zariya. Inda ba a sami laka a kusa ba, sai a dogara da rami da itace da ƙaya. Itace kuwa gara ta cinye shi tuntuni, ƙaya ta shiga murhu. Abin da ya rage shi ne layin ramin da ɗan tudun da ke gefensa.

Kada a manta kuma cewa ganuwa ba gini ba ce da ake gamawa a huta. Kowace damina tana cin rabonta. Da kaka ta wuce sai a yi shela, kowace unguwa ko ƙauye ya fito ya gyara ɓangaren da aka yanka masa, bayi da 'ya'ya duka. Ganuwar da ke tsaye alama ce ta cewa akwai mai iko da ake jin maganarsa. Ranar da aka daina kiran gayyar gyara, ranar ta fara mutuwa.

Ranar da ganuwa ta rasa aiki

A ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka shiga Kano bayan sun fasa ƙofa da igwa. A wannan shekara Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi Turawa ba tare da yaƙi ba. Haɗejia ta yi tsayin daka har aka ci ta a Afrilu 1906. Faransawa kuwa sun riga sun kama Zindar tun 1899. Yarjejeniyoyin iyaka tsakanin Ingila da Faransa, da aikin kafa alamomin iyaka daga 1906 zuwa 1908, suka bar Tumbi a wancan hayi, Gumel a wannan.

Da hari ya ƙare, dalilin cunkushewa a bayan rami ya ƙare. Mutane suka fantsama cikin daji suna sarar sababbin gonaki, suna kafa ƙauyuka kusa da su. Sai gyaɗa ta zo, sai hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori ta isa Nguru a 1930. Ciniki ya bi dogo. Wanda ya duba sunayen mazaɓun ƙaramar hukumar Gagarawa zai ga akwai Gagarawa Gari, akwai kuma Gagarawa Tasha. Waɗannan sunaye biyu kaɗai sun ba da labarin yadda rayuwa ta karkata daga tsohon mazauni zuwa bakin layin dogo. Haka Maigatari ta bunƙasa da kasuwar dabbobinta ta ranar Alhamis, domin iyakar da a da take kawo mahara yanzu fatake take kawowa.

Ita kuwa tsohuwar ganuwa sai ta zama ma'adinin ƙasar gini. Mai son yin ɗaki ya ɗebo, mai cike rami a ƙofar gida ya ɗebo. Gwalalo ya zama juji, ko kududdufi, ko gona, tunda danshi da taki sun taru a cikinsa. Iskar hunturu ta ƙarasa sauran aikin da rairayi. Babu wanda ya yi wannan da mugun nufi. Abin da ya rasa amfani a idon mutane, ba a tsammanin su ci gaba da yi masa hidima.

Me ke cikin ramin?

Mai karatu na iya tambaya: mene ne abin kuka a kan rami? Amsa ta farko ita ce tarihin da muke da shi rubutacce tarihin sarakuna ne: wane ya gaji wane, ya yi shekara kaza, ya ci garin kaza. Ba ya faɗa mana mutum nawa ne suka zauna a ƙauye, ko me suke ci, ko yaushe suka tashi. Rami yana faɗa. Faɗin da'irarsa yana nuna yawan jama'a. Idan da'ira biyu ce, wata a cikin wata, to garin ya taɓa bunƙasa har ya faɗaɗa. Idan aka jera irin waɗannan wurare a kan taswira, za a ga inda iyaka ta bi da kuma hanyoyin da mahara suke bi.

Amsa ta biyu tana ƙarƙashin ƙasa. Rami yana tara abin da aka zubar sannu a hankali, sabo a kan tsoho: katangar tukunya, ƙashi, gawayi, kan kibiya, ƙwayar hatsi da ta ƙone. Daga gawayi masu binciken kufai ke gano shekarun wuri. Ta irin wannan hanya aka yi nazarin Kufan Kanawa, wani babban kufai mai ganuwa a yankin Zindar wanda labarin baka ke dangantawa da asalin Kanawa, inda masaniya Anne Haour ta yi tono. Wasu kufan ƙasar Hausa sun girmi jihadi da ƙarnoni. Kundin Tarihin Kano ya kai farkon ginin ganuwar Kano zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Ba a sanin shekarun kufai da ido. Wanda aka baje kafin a bincika ya tafi da amsarsa.

Amsa ta uku ta shafi rayuwar yau. A garuruwa da dama tsofaffin ramuka da kududdufai su ne matattarar ruwan sama. Jigawa ta ga ambaliya mai muni a 2022. Duk ramin da aka cike aka yi gini a kai, ruwan da ya saba kwanciya a ciki zai nemi wani wurin, kuma sau da yawa ɗakin wani ne.

Yadda Ingila ta yi da nata

Akwai abin koyi a wata ƙasa mai nisa. A Ingila an san wurare kimanin 6,000 inda mutanen tsakiyar zamani suka haƙa rami mai faɗi, sau da yawa mai ruwa, kewaye da gida guda. An fi yin su tsakanin 1250 da 1350, musamman a tsakiya da gabashin ƙasar. Masana sun ce galibinsu na nuna isa ne: mai gona da ya yi arziki yana son gidansa ya yi kama da na sarauta. A yau mafi yawansu babu gini a kai, sai fili mai kusurwa huɗu da kwari a kewaye, tumaki suna kiwo.

Duk da haka an sa da yawa daga cikinsu a ƙarƙashin doka. Ingila ta fara dokar kare kayan tarihi a 1882, wadda ake aiki da ita yanzu kuma ta 1979 ce, kuma wuraren da ke cikin jerin sun kai kusan 20,000. Abin lura shi ne gwamnati ba ta ƙwace filin. Yana nan hannun mai shi, yana kiwo a kai, yana iya sayarwa ko ya bar wa magada. Abin da aka hana shi ne haƙa, ko cikewa, ko gini, sai da izini a rubuce. Kafin a kai ga wannan kuwa sai da aka yi shekaru ana aikin da ba shi da armashi: zagayawa, aunawa, da rubuta kowane wuri a rajista. Idan har ramin da aka haƙa don alfahari ya sami irin wannan gata, wanda aka haƙa don tsira da rai bai cancanci ƙasa da haka ba.

Dokar da muke da ita

Nijeriya ba ta rasa doka ba. An yi dokar kayan tarihi ta farko mai cikakken tsari a 1953, sannan doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta ba ta ikon gabatar da wuri a ayyana shi kayan tarihin ƙasa, ta kuma hana tono ba da izini ba. Amma an daɗe jerin yana tsaye a kan wurare kimanin 65 a faɗin ƙasar. A Arewa akwai ganuwar Kano, da ta Zariya, da kufan Surame na Kanta, da Hasumiyar Gobarau. A Jigawa abin da aka fi sani a jerin shi ne zanen kan duwatsu na Birnin Kudu. Ganuwar Kano da Surame sun shiga jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa amincewar UNESCO tun 2007. Duk wanda ya zagaya Badala a yau ya san cewa ko wannan matsayi bai hana a yi ta gutsurarta ba. In haka ta sami mai suna, ina ga kufan da ko a takarda ba a rubuta shi ba?

Lokaci kuma ya ƙure fiye da da. Manomi da fartanya ko garmar shanu yana rage tudu ne kaɗan-kaɗan. Katafila tana share shi a yini guda. A shekarun baya-bayan nan an ware fili mai faɗin kimanin hekta 12,000 a yankin Gagarawa da maƙwabtanta domin gonar rake da masana'antar sukari, aka yi ta muhawara a kan diyya da haƙƙin manoma. Manyan ayyuka irin wannan, da hanyoyi, da sababbin filayen gidaje, za su ci gaba da zuwa, kuma yankin yana bukatarsu. Dokar 1992 ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Sai dai mai aunawa ba zai kauce wa abin da babu shi a taswirar kowa ba.

Abin da ke hannunmu

Matakin farko bai bukaci jiran Abuja ba, bai kuma bukaci kuɗi masu yawa ba. Rajista ce. Masarautar Gumel tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowace gona da mai ita. Idan fada ta umarci kowane dagaci ya kawo sunayen kufai da tsofaffin layukan ganuwa da ke ƙasarsa, tare da sunan dattijon da ya san labarinsu, cikin rani ɗaya za a sami jerin da ba a taɓa samu ba. Ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa a Kwalejin Ilimi ta Gumel, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, suna iya bin jerin da wayar hannu, su ɗauki hoto, su rubuta daidai inda wuri yake, su naɗi muryar dattawa. Hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth kan nuna da'irar tsohon rami ko da mai tafiya a ƙasa bai lura da ita ba, domin ciyawa da itatuwa sun fi yin kore a inda danshi ya kwanta. Tsofaffin rahotannin jami'an mulkin mallaka da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, da hotunan sama da aka ɗauka don zana taswira a shekarun 1950 da 1960, za su taimaka a gano abin da ya riga ya ɓace. Sashen binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello yana da ƙwararrun da za su tantance waɗanda suka fi muhimmanci.

Mataki na biyu shi ne a miƙa jerin ga masu raba fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ba da izinin filayen karkara. Idan ofishin filaye yana da taswirar, zai iya cewa a nan a yi noma da kiwo kamar yadda aka saba, amma ban da ɗibar ƙasa, ban da katafila, ban da gini a kan layin ramin.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne kada mai gona ya ji an zo ƙwace masa gado. Talakan da ya ga cewa bayyana kufai zai jawo masa asarar gona, shi zai fara baje shi da dare, kuma ba za a ga laifinsa ba. Dole a tabbatar masa a gaban dagaci cewa gonarsa tasa ce, a kuma rubuta sunansa a matsayin mai riƙon wurin.

Ba kowane rami ne zai tsira ba, kuma ba kowanne ne ya kamata ya tsayar da hanya ko makaranta ba. Amma akwai bambanci tsakanin al'ummar da ta duba abu ta auna shi ta ce wannan za mu iya rabuwa da shi, da wadda ta wayi gari ta iske babu shi ba tare da ta san ta taɓa mallakarsa ba. Dattawan da suka ji labarin hare-haren Damagaram daga bakin kakanninsu suna raguwa kowace shekara, kuma su ne za su iya nuna da sanda inda ƙofar gari take a da. Wanda duk yake da irin wannan tsoho a gida, ya kamata hutun da zai je na gaba ya zauna da shi ya tambaye shi, ya kuma rubuta abin da ya ji.